Hita Ta Wat 1500, Lissafi Ya Ba Da 1026: Ina Sauran Suka Shiga?

Tambaya: Ina koyon aikin wayarin ne. Ina da hitar dafa ruwa, a jikinta an rubuta 230V, 1500W. Da na kunna ta da yamma na auna soket na ga bolt 190, na sa mitar ɗamƙa (mai bakin da ke rungumar waya don auna karant) a waya na ga amfiya 5.4. Ta yaya zan fitar da turjiyarta da ainihin wat ɗin da take ci? Sannan na auna ƙwan fitila mai zare na wat 60, mita ta nuna om 65, alhali lissafi ya ba ni sama da 800. Mitar ce ta lalace, ko lissafin ne ba daidai ba?

Amsa: Mitarka lafiyarta ƙalau, lissafin ma bai yi maka ƙarya ba. Alƙaluman nan biyu da ka kawo, bolt 190 da amfiya 5.4, sun ishe ka fitar da duk abin da kake nema, saboda ka auna su a kan abu ɗaya, a lokaci ɗaya, yana cikin aiki. Ka riƙe wannan sharaɗin da kyau. Yawancin kuskuren masu koyo daga nan yake farawa: mutum ya ɗauki bolteji daga rubutun jikin kwali, ya ɗauki karant daga mita, ya haɗa su, sai amsa ta fito wadda ba ta dace da komai ba.

Ƙa'idojin biyu ne kacal. Ta farko ita ce ta Georg Ohm, Bajamushen da ya fito da ita a 1827. Bolteji shi ne ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Karant shi ne yawan wutar da ke wucewa, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Turjiya ita ce yadda abu ke hana wutar wucewa, ana auna ta da om, alamarta R.

R = V ÷ I

Ta biyu ita ce ta ƙarfin aiki, wato yawan makamashin da abu ke ci a kowace daƙiƙa, wanda ake auna shi da wat, alamarsa P.

P = V × I

To sa alƙalumanka. Turjiya: 190 a raba da 5.4, ya ba da om 35.2. Ƙarfi: 190 sau 5.4, ya ba da wat 1026. Ke nan hitarka a yammacin nan wat dubu da ɗan kai take ci, ba 1500 ba.

Kafin ka ce an cuce ka a kasuwa, mu gwada daga ɗaya ɓangaren. Idan ka haɗa ƙa'idojin biyu, za ka samu wasu biyu da ke rage wahala: P = V × V ÷ R, da kuma P = I × I × R. Daga ta farkon, R = V × V ÷ P. Rubutun jikin hitar ya ce 230 da 1500. 230 sau 230 ya ba da 52,900, a raba da 1500, ya ba da om 35.3. Ka ga kusan daidai da abin da awonka ya bayar. Hitar ta gaskiya ce, ba jabu ba.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne, cikin abubuwan nan huɗu, turjiya ce kaɗai mallakar hitar. Masu ƙera ta sun yanki wayar nikrom, ƙarfen da ake yin wayar hita da shi, mai wani tsawo da wani kauri, ta ba da om 35, shi ke nan. Wat 1500 ɗin da aka rubuta alƙawari ne mai sharaɗi: in ka ba ni bolt 230, zan ba ka wat 1500. Kai kuwa 190 ka ba ta. Ita ba ta san komai ba sai om 35 ɗinta, don haka ta ja abin da 190 zai iya turawa.

Lura da yadda faɗuwar ta kasance. Daga 230 zuwa 190, bolteji ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100. Amma daga 1500 zuwa 1026, ƙarfi ya ragu da kusan kashi 32. Dalili shi ne bolteji sau biyu yake shiga lissafin: ya ragu da kansa, sannan ya ja karant ma ya ragu, aka ninka raguwar biyu. Shi ya sa a gida ake jin abin ya fi yadda mita ta nuna. Lita 2 na ruwa, daga digiri 25 zuwa tafasa, yana buƙatar kimanin jul 630,000 na makamashi, wat ɗaya kuwa jul ɗaya ne a daƙiƙa. Da wat 1500 minti 7 ne, da wat 1026 kuma ya haura minti 10, ba a ma sa zafin da ke tserewa ta jikin bokiti ba. Kuma kada ka ɗauka ka yi rara a mitar kati. Yunit ɗaya wat 1000 ne na tsawon awa ɗaya, ruwan kuwa makamashi ɗaya yake nema ko an yi sauri ko an ja lokaci.

Haka abin yake idan ya juya sama. Janareta da ya ɓaci ya tura bolt 260: 260 sau 260, a raba da 35.3, ya ba da wat 1915. Ƙarin bolt 30 kawai ya ɗora wa hitar wat 400 da ba a gina ta dominsu ba. Da haka ne ƙwayaye ke fashewa a jere, dutsen guga ya ƙone.

Af, abin nan da ake cewa "lo karant" idan fanka ta koma tafiyar hawainiya, ainihinsa bolteji ne ya faɗi. A hita karant ɗin kan bi shi ƙasa, don haka sunan bai yi nisa da gaskiya ba. A wasu kayan kuwa akasin haka ne ke faruwa, za mu zo kansu.

Yanzu ƙwan fitila. Lissafinka daidai ne: 52,900 a raba da 60, ya ba da om 882. Mitar ma daidai ta faɗa, om 65. Bambancin shi ne lissafi ya ba ka turjiyar zaren yana ci, mita kuma ta ba ka tasa yana sanyi. Zaren tangistin ne, kuma idan yana haske zafinsa ya wuce digiri 2000. Ƙarfe kuwa, iya zafinsa iya turjiyarsa. A ƙwan zare turjiyar zafi kan ninka ta sanyi sau goma zuwa goma sha biyar, naka ya ba da kusan goma sha uku da rabi, yana cikin layi.

Akwai abin da wannan ke bayyanawa wanda kowa ya taɓa gani. A daidai lokacin da aka danna makunni, zaren yana om 65, don haka 230 a raba da 65, wajen amfiya 3.5 ke rugawa ciki. Cikin ƙiftawar ido zaren ya yi zafi, karant ya sauko 0.26. Wannan bugun farkon ne ke tsinka zaren da ya riga ya sirance a wani wuri. Shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa lokacin kunnawa, ya yi wal sau ɗaya ya ɗauke. Nikrom ɗin hita ba ya wannan halin, turjiyarsa kaɗan take motsawa da zafi. In ka cire hitarka daga soket ka auna ƙafafun filoginta, za ka ga abin da bai yi nisa da 34 ko 35 ba. Wannan ma hanya ce ta gwada hita ko dutsen guga ba tare da wuta ba: idan mita ta nuna OL, wato turjiyar ta wuce abin da take iya aunawa, wayar ciki ta tsinke ko makunninta bai haɗa ba, idan ta nuna om 1 ko 2, akwai shot, wato wayoyi sun haɗu a inda bai kamata ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da ba zafi kawai suke yi ba. Ƙa'idar P = V × I tana zama cif a wutar batir, tana kuma zama cif a wutar gida muddin kayan na turjiya ne zalla, irin hita, dutsen guga, butar lantarki da ƙwan zare. Bolt 230 ɗin da mita ke nunawa an riga an daidaita shi don ya ba da zafi daidai da na batir mai bolt 230, duk da cewa wutar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ƙololuwarta kuma tana taɓa 325. Amma da zarar ka zo kan mota, wato injin lantarki mai juyawa irin na fanka, firji, injin jan ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki, sai lissafin ya nemi ƙari. Naɗin waya da ke cikinsu yana sa karant ya riƙa makara bayan bolteji, wani sashe na wutar ya shiga ya fito bai yi aikin komai ba. Don haka V × I a nan ba wat ba ne, VA ne, wato bolt-amfiya. Kafin ka samu wat sai ka ninka da wani adadi da bai wuce 1 ba, wanda akan rubuta PF ko cos φ a farantin motar. Misali, famfon ruwa ya ja amfiya 4 a bolt 230: VA 920 ke nan. In PF ɗinsa 0.8 ne, wat 736 yake ci. Waya da fiyus da janareta kuwa amfiya 4 ɗin gaba ɗaya suke ɗauka, ba ruwansu da wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Dalilin da ya sa ake rubuta kVA, wato VA dubu, a janareta ke nan. Mai kVA 2.5 a PF 0.8 wat 2000 ne iyakarsa.

Kada kuma ka auna om ɗin naɗin mota ka ce za ka fitar da karant ɗinta daga nan. Za ka samu adadi ƙarami, ka raba 230 da shi, ka samu amfiyar da ta ninka ta gaskiya. Mota idan tana juyawa tana haifar da nata boltejin da ke ture na soket, shi ne ke rage karant. Lokacin tashi, kafin ta fara juyawa, babu wannan turewar, don haka take fizgar karant ninkin-ba-ninkin, fitilu su lumshe. Idan bolteji ya faɗi har kwamfaresar firji ta kasa tashi, sai ta tsaya tana gurnani a kan wannan babban karant ɗin, naɗin ya yi ta zafi. Ga "lo karant" da ke ƙona kaya da yawan karant.

Cajar waya da ta kwamfuta, da yawancin talabijin na zamani, wani halin ne da su. Dubi jikinsu, za ka ga 100–240V. Su wat ɗinsu suke riƙewa, don haka in bolteji ya sauka sai su ƙara jan karant. Ba su da turjiya guda tsayayya da za ka ce ga ta, kuma in ka ɗora musu mita a ma'aunin om, ko dai ta nuna OL ko lambobi su yi ta yawo. Sitabilaiza ma haka: in za ta ba hitarka 230 cikakke daga 190, to a ɓangaren shiga sai ta ja 1500 a raba da 190, kusan amfiya 8, har da ɗan ƙari na abin da ita kanta ke ci. Ba ta ƙirƙirar wuta, musaya take yi.

Tunda wayarin kake koyo, ƙa'idar da za ta fi yi maka amfani ita ce P = I × I × R, domin ita ce ke gaya maka inda gobara ke tasowa. Waya ma tana da turjiya. Tagulla mai kauri 1.5 (da mm² ake auna kaurin waya) tana da kimanin om 0.012 a kowace mita guda ta tsawo, mai 2.5 tana da 0.0074, mai 4 tana da 0.0046. Kuma tsawon sau biyu ake ƙirga shi, zuwa da dawowa. Ɗauki ekstenshan mai tsawon mita 20 na waya 1.5: mita 40 sau 0.012, om 0.48. Ɗora masa hitarka a amfiya 6.5, abin da take ja a bolt 230. Bolt 3 sun zube a hanya, wat 20 kuma sun zama zafi a jikin wayar. A shimfiɗe, wannan ba matsala ba ce. Amma in wayar irin siririyar nan ce mai roba da kauri, cikinta kuwa bai wuce 0.5 ba, turjiyar ta kai om 1.4, zafin ya haura wat 50. Bar ta a naɗe a kan kanta, zafin ba shi da hanyar fita, roba ta yi laushi. Wayar da aka yi da alminiyam aka shafe ta da launin tagulla ma tana nan a kasuwa, turjiyarta ta fi ta tagulla da fiye da rabi. Kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana ka gane.

Mafi haɗari shi ne haɗin da bai ɗauru ba. Sukurun soket ya saki, ko an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da salatif, wurin ya yi tsatsa ya samu turjiyar rabin om. Rabin om kamar ba komai ba. Amma 6.5 sau 6.5 sau 0.5 ya ba da wat 21, dukkansu a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Ƙaramin ayan ɗin soda na masu gyaran rediyo wat 25 zuwa 40 ne, kuma dalma yake narkarwa. Wannan ne soket ɗin da kake gani ya yi baƙi a rami ɗaya, yana warin ƙonannen roba. Fiyus ba zai yanke ba, domin karant bai ƙaru ba ko kaɗan. Shi fiyus amfiya kawai ya sani: mai 13 da ke cikin filogi mai ƙafa uku yana ɗaukar 13 sau 230, kusan wat 3000, don haka hita biyu masu 1500 sun cika shi maƙil, ba wurin ko caja.

A sola da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta koma ta gida, wannan lissafin ya fi tsanani, kuma nan ne masu haɗawa da yawa ke yin ganganci. Kayan wat 1000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne. Amma a ɓangaren batir mai bolt 12, 1000 a raba da 12 ya ba da 83, in ka sa asarar inbata ya kai wajen 90. A ce tsakanin batir da inbata mita 2 ne, zuwa da dawowa 4, aka sa waya mai kauri 4: om 0.018. Da amfiya 90, fiye da bolt ɗaya da rabi sun zube, wat kusan 150 na dafa wayar. Inbata za ta fara kuka tana cewa batir ya yi ƙasa alhali a cike yake, mai gida ya tafi ya sayi sabon batir a banza. Da waya mai kauri 25, asarar ba ta kai wat 25 ba. In kuma aka koma bolt 24, karant ya rabu biyu, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hikimar da ta sa manyan layukan wuta na Najeriya ke tafiya a bolt 330,000 da 132,000 ke nan, sai an iso gari a sauke.

Ga ƙaramin misali na teburin gyara, don ka ga yadda ake amfani da ƙa'idojin biyu tare. Kana son kunna jan LED ɗaya, ƙaramin ƙwan nan mai nuna alama, daga batir mai bolt 12. Shi LED ɗin yana riƙe kimanin bolt 2, yana son miliamfiya 20. Rizistar da za ka sa a layi ɗaya da shi don rage karant ba 12 za ta gani ba, 10 za ta gani, saboda an ɗebe na LED. Miliamfiya 20 kuma 0.02 ne, ba 20 ba. Wannan mantuwar kaɗai ta isa ta karkatar da amsa sau dubu. 10 a raba da 0.02, om 500, sai ka ɗauki 560 da ake samu a kasuwa. Saura tambaya ta biyu da akan manta: za ta jure zafin? A bolt 12, 10 sau 10 a raba da 560, wat 0.18, ƙaramar rizista mai rubu'in wat za ta ɗauka. Amma batirin motar hawa idan inji na aiki yana kaiwa 14.4. Yanzu 12.4 sau 12.4 a raba da 560 ya ba da 0.27, ya wuce 0.25. Za ta yi zafi, ta canza launi, wata rana ta mutu. Sa mai rabin wat. Masu aikin kan zaɓi wadda ta ninka abin da lissafi ya nuna.

Idan kayan sun fi ɗaya, a layi ɗaya ana tara turjiyoyinsu ne, karant ɗaya ke ratsa su duka. A gida kuwa kowane kaya yana ganin cikakken bolteji, don haka amfiyoyinsu ake tarawa, ko wat-wat ɗinsu.

Game da awon kansa. Bolteji ana auna shi ne a tsakanin waya biyu, kayan na ci. In ka auna soket babu komai a jikinsa zai iya nuna 215, ka kunna hita ya faɗo 190, kuma na biyun ne na lissafi. Wannan faɗuwar ma labari ce: bolt 25 a raba da amfiya 5.4, kusan om 4.6 ke nan a hanyar da wutar ta biyo, ko daga layin unguwa ko daga wayarin gidan. Gwada wani soket kusa da mitar gidan hitar na ci. In can bai faɗi sosai ba, matsalar a cikin gida take. Mitar ɗamƙa waya ɗaya ake sa mata a baki. In ka ɗamƙi igiyar gaba ɗaya, mai zuwa da mai dawowa za su kashe juna ta nuna sifili. Om kuwa ba a auna shi sai an cire kayan daga wuta, in akwai kafasita, mai ajiye caji, a sauke cajinta tukuna. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da suka nuna, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, ka ɗebe shi idan ƙaramar turjiya kake aunawa. A manyan rizistoci kada ka riƙe ƙarfen da yatsun hannu biyu, jikinka zai shiga lissafin.

Kuskuren da ya fi cin mitoci shi ne a bar jar waya a ramin 10A na auna karant, a manta, a cusa ta cikin soket don duba bolteji. A wannan ramin mitar kusan waya ce miƙaƙƙiya, turjiyarta wajen om 0.01. Raba 230 da wannan ka ga abin da ke neman wucewa. In mitar na da fiyus mai kyau, shi zai tafi. Masu arha da yawa ba su da shi a wannan ramin, sai tartsatsi a hannu. Da ka gama auna karant, mayar da wayar ramin V nan take.

Jikin mutum ma yana bin ƙa'idar. Fata a jiƙe, ƙafa a ƙasa ba takalmi, turjiyar na iya saukowa wajen om 1000. 230 a raba da 1000, miliamfiya 230, alhali na'urar kariya da ake sa wa gidaje a miliamfiya 30 take yankewa. Hitar cikin bokiti ta fi kowane kaya haɗa ruwa da hannu da wuta wuri ɗaya. Idan za ka gwada taka, cire ta daga soket, sa mita a ma'aunin om mafi girma, baki ɗaya a ƙafar filogi mai wuta, ɗayan a jikin ƙarfen hitar. OL ya kamata ka gani. In wata lamba ta fito, rufin cikinta ya fashe, wuta na zuba cikin ruwan, kuma ba gyara ake yi wa irin wannan ba, sabuwa ake saye.